Amsa: Ƙirga masu buɗe hoto kai tsaye

Malam, ka ce Google Analytics, manhajar ƙirga masu ziyartar shafi, ba ya nuna komai idan aka buɗe adireshin hoto kai tsaye. Ai ba zai nuna ba, domin hoto ba shafi ba ne, babu inda lambar JavaScript da Analytics ke ƙirga da ita za ta yi aiki. Ƙirgan sai dai daga saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinka.

Mafi sauƙi, Nginx ko Apache, manhajojin da ke gudanar da saba, sun riga sun rubuta kowace buƙata a log, wato fayil ɗin da ke ajiye bayanan ziyara. Ɗora GoAccess, manhajar karanta log, a kai, zai ware maka hotuna daban.

In kuwa lallai a GA4 (Google Analytics 4) kake son gani, bi da buƙatar ta ƙaramin fayil na PHP. Shi zai aika bayani ta Measurement Protocol, hanyar tura bayani zuwa GA4 daga saba, da measurement_id, api_secret da client_id, ya bar wa Nginx miƙa hoton ta umarnin X-Accel-Redirect. A cikin PHP ɗin, kira fastcgi_finish_request tukuna kafin aika bayanin, kada hoton ya zauna jiran amsar Google.

Inda gizo ke saƙar shi ne Cloudflare, kamfanin da ke shiga tsakanin sabarka da masu ziyara, in kana amfani da shi. Muddin ya ajiye hoton a wurinsa, buƙata ba ta isowa sabarka sam. Umarnin Cache-Control: no-store, wanda ke hana ajiye hoton, zai magance wannan, amma nauyin zai dawo kan sabarka. Adireshin IP na ainihi na mai ziyara kuma yana cikin CF-Connecting-IP, bayanin da Cloudflare ke haɗawa da buƙatar. Ka tace Googlebot-Image ma, manhajar Google mai bin hotuna, in ba haka ba lissafin zai kumbura a banza.