Zuwa ga ƙanena mai shirin tahowa Landan

Ƙanena, assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Na ga saƙonka. Barka da samun gurbin digiri na biyu, Allah ya sanya alheri. Tambaya uku ka yi a fili: kuɗi, aiki da sanyi. Sai can ƙasa ka maƙala wani layi kamar ba ka so a gani, cewa Hajiya ce kawai ke ranka, tunda ƙarfinta ya fara raguwa kuma kai ne babba a gidanku. Ukun farko zan bi ta kansu da sauri, don duk wanda ka tambaya zai gaya maka. Na ƙarshen ne ba a cika buɗe wa mutum ba.

Bayan kuɗin makaranta, gwamnatin Birtaniya tana so ta ga kuɗin zaman wata 9 a asusunka, kuma su kwana 28 a jere ba a taɓa ba. A Janairun 2025 an ɗaga adadin zuwa fam 1,483 a wata ga mai karatu a Landan, kuma ba ya zama wuri ɗaya, don haka ka duba shafin gwamnati kafin ka yi lissafi. Akwai kuma kuɗin kula da lafiya, fam 776 a shekara ga ɗalibi, ana biya tun wajen neman biza. Aiki sa'a 20 ne a mako idan ana cikin zangon karatu, kada wani ya ruɗe ka ka wuce, da biza ba a wasa. Tun Janairun 2024 kuma yawancin masu digiri na biyu ba sa iya tahowa da iyali. Haya kuwa, ɗaki ɗaya za ka samu a gidan haɗaka, kicin da banɗaki na kowa da kowa, kuma shi zai lashe rabin abin da ka samu ko fiye.

Sanyi akwai shi, amma riga tana maganinsa. Duhu ne ba shi da riga. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, kafin 4 na yamma kuma ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk suna shigewa cikin sa'a huɗu, da alwala ɗaya sai ka yi su. Ka fita cikin duhu, ka dawo cikin duhu, wani lokaci mako guda ba ka ga inuwarka ba. Hukumar lafiyarsu ma tana ba mutane shawarar shan bitamin D a watannin hunturu. Ni na raina shawarar a shekarar farko, na sha mamakin yadda jiki ke mutuwa ba ciwon komai.

Garin yana da mutum kusan miliyan 9, amma sai ka shiga jirgin ƙasa cike maƙil ka ji tsit, kowa ido a waya. Makon farko na tsaya na gaida maƙwabcina gaisuwa ta mutunci, na tambayi iyali da aiki, sai na ga bawan Allah yana satar kallon agogo. Ba wulaƙanci ba ne, kowa gudu yake, ana jiransa a wani wuri. Ziyara ma sai an sa rana. Kuma kada in ci amanar garin: wuta ba ta ɗaukewa, bas yana zuwa, ɗakin karatu a buɗe yake, idan ka yi rajista da likitan unguwa ba a tambayarka ko sisi a bakin ƙofa. Na ƙaru a nan, ba zan musa ba.

To, zancen Hajiya. Bari in fara da labarin rasuwar nawa mahaifin.

Na sauka a Satumbar 2021. Ranar Laraba 8 ga Disamba, da safe, ina dawowa daga aikin dare a wani rumbun ajiye kaya. A lokacin waya ba ta kamawa a yawancin hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Da jirgin layin Central ya fito sarari a tashar Stratford sai wayata ta hau kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Kira goma sha wani abu, daga yayana, daga kawu, daga lambobin da ban sani ba. Saƙon da idona ya fara faɗawa a kai ba na 'yan gidanmu ba ne, wani abokin makaranta ne ya rubuto: Allah ya jiƙan Baba, ya haƙuri. Haka na ji. A tsaye nake, riƙe da ƙarfe, tsakanin wata mata mai keken jariri da wani mai sauraron kiɗa. Na ce innalillahi a hankali, ƙofa ta rufe, jirgi ya ci gaba. Ban sauka a tashata ba, ban ma san na wuce ta ba.

Kafin in isa ɗaki an gama sutura. Kafin azahar ta yi a nan, an dawo daga maƙabarta. Haka ya kamata, ba na jayayya, gaggauta jana'iza shi ne sunna. Amma ka san jirgin sama sa'a shida yake yi, ban da zuwa filin jirgin Heathrow da jiran tashi, don haka duk wanda ya tsallako nan ya san ba zai ɗauki makarar iyayensa ba, sai wani ikon Allah. Wannan ka haɗiye shi tun kafin ka ɗaure kaya.

Daga baya na gano kwana tara Baba ya yi a asibiti. Kullum na kira sai a ce jiki da sauƙi, yana barci. Sun ɓoye mini ne don kada hankalina ya tashi ina tsakiyar karatu. Na san ƙauna ce ta sa, amma har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da na sani, ko ta waya da na nemi gafararsa.

Kwana biyu kafin rasuwar, 6 ga Disamba, Birtaniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta ja wa jan layi saboda sabon nau'in korona na Omicron. Duk wanda ya je ya dawo sai an killace shi a otal, ya biya fam 2,285 daga aljihunsa. Na kama wannan dokar na riƙe, duk wanda ya tambaye ni yaushe zan zo gaisuwa sai in ce hanya a rufe take. Ranar 15 ga wata aka soke jerin. Hanya ta buɗe, ni kuma ina nan zaune, don gaskiyar magana ba ni da kuɗin tikiti. Duk abin da na zo da shi ya tafi a haya da kuɗin ajiya na mai gida da rigar sanyi. Sai bayan wata takwas na tsaya a kan kabarin Baba, ciyawa har ta fito.

Abin da ban zata ba shi ne yadda garin bai san an yi mutuwa ba. Mai kula da mu a wurin aiki ya ce ya taya ni baƙin ciki, da gaske kuma yake, sannan ya tambaye ni ko zan shigo ranar Juma'a, don irin aikinmu ranar da ba ka zo ba babu biya. Na shiga. A makaranta na nemi a ɗaga mini ranar miƙa wani aiki, aka ba ni fom, aka ce in haɗa da takardar shaidar mutuwa. Ka duba, kwana uku da rasuwa, gida cike da masu ta'aziyya, na kira yayana ina tambayar takarda. Ya yi shiru, sannan ya ce, takarda kuma? Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Su ma 'yan makarantar ba mugunta ba ce, tsarinsu ne, komai sai da shaida a rubuce.

A zaman makoki, ashe ba haƙuri kawai ake ba mutum ba. Wannan ya zo ya ce Baba ne ya biya masa kuɗin jarrabawa, wancan ya ce shi ya sasanta shi da matarsa, sai ka ji mamacin yana ƙara girma a idonka, nauyin kuma ana raba shi. A nan ba wanda ya san Baba. In zan yi zancensa sai na fara da bayanin ko waye shi, kafin in gama bayanin abin da nake son faɗa ya gudu. Sai na daina. Na yi makonni ina tafiya bakin kogin Thames da dare ba inda za ni. Ranar Juma'a kuwa, bayan an sauko, hannuna kan tafi lambarsa da kansa, don lokacin muke waya.

Wanda ya tsamo ni wani dattijo ne ɗan Somaliya da muke aiki tare. Ya lura na daina cin abinci a lokacin hutu, ya tambaya, na faɗa masa. Bai yi dogon surutu ba. Ya ja ni wani ƙaramin masallacinsu, bayan isha ya yi wa liman magana, aka tashi aka yi wa Baba sallar jana'iza ba gawa a gaba. Su 'yan Shafi'iyya ne, suna kafa hujja da sallar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Najjashi sarkin Habasha. Na san malamanmu na Malikiyya ba su cika yin ta ba, kuma ba fatawa nake ba ka ba. Abin da na sani shi ne sahu uku na mutanen da ba su taɓa ganin mahaifina ba suka yi masa kabbara huɗu, suka bi layi suna ba ni hannu. Ranar na yi kukan da ya ƙi zuwa tun Stratford.

Ana mutuwa a nan ma. Wani matashi ɗan ƙasarmu ya rasu a ɗakinsa, sai bayan kwana biyu aka farga. Mutuwar da ba a san dalilinta ba dole ta bi ta hannun jami'in bincike, wani lokaci har da binciken gawa, don haka muka fi mako muna jira kafin a ba mu shi. Kabari a garin nan dubban fam ne. Karo-karo aka yi a WhatsApp, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta Hainault, ana yayyafi, mahaifiyarsa na kallo ta waya. Tun ranar muka yi alkawari da wasu abokai uku, duk wanda aka kwana biyu ba a ji ɗuriyarsa ba, a je a buga masa ƙofa.

Ba zan ce maka kada ka zo ba. Baba da bakinsa ya ce in tafi, kuma na san da na fasa don shi da bai ji daɗi ba. Amma kada ka yanke hukunci a madadin Hajiya. Ka zauna da ita, ku biyu, ka tambaye ta ra'ayinta na gaskiya, ba wanda take faɗa a gaban mutane ba. In ta sa albarka, ka nemi gafararta tun yanzu tana ji tana gani, kada ka bari sai a bakin mota ana sauri. Ka sa ta yi ta ba ka labarin ƙuruciyarta kana naɗa a waya. Ni saƙon murya ɗaya na Baba gare ni, bai kai minti ɗaya ba, tambayata yake ko na sayi rigar sanyi.

Sannan ka tara ƙannenka ka ɗaure su da alkawari: duk ranar da aka kwantar da ita, a gaya maka a ranar, ko jarrabawa kake. Ka zaɓi mutum ɗaya a cikinsu wanda ba ya iya ƙarya, shi za ka riƙa kira. Ka gaya masa kuma duk takardar da asibiti ya bayar ya adana. Kuɗin tikitin zuwa da dawowa ka ware su a wani asusu daban, ka manta da su, ko haya ta matsa ka nemi rance a wani wuri. Fasfo kada ka bari ya mutu a hannunka. Da ka iso kuma, kafin ka san hanyar kasuwa ka san hanyar masallaci, ka riƙa tsayawa bayan sallama ana gaisawa ko da ba ka jin yarensu, don ranar da za ka buƙace su ba ranar fara sabo ba ce.

In biza ta fito ka turo mini ranar saukarka, zan zo Heathrow in tarbe ka, kwanakin farko ka sauka wurina kafin ka sami ɗaki. Rigar sanyi ka sa ta a jakar hannu. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce yayanka na Landan yana neman addu'a.