Amsa: Wai tsohon nan ogan Salman Khan a Ek Tha Tiger marubuci ne?

Eh ɗan uwa, marubuci ne kam, kuma ba ƙarami ba. Sunanshi Girish Karnad, an haife shi 1938, ya rasu 2019 a Bangalore. Mu dai a fim muka sanshi, amma a Indiya wasan kwaikwayo na dandamali ne ya fito da shi, da yaren Kannada na jihar Karnataka yake rubutu duk da a gidansu yaren Konkani ake yi. Lissafi ya karanta a garin Dharwad na jihar Karnataka kafin ya samu sikolashif ɗin Rhodes ya tafi Oxford, ka ga ai boko ya zauna.

Cikin wasannin da ya rubuta, wanda ya fi burge ni shi ne Tughlaq na 1964, labarin Sarkin Delhi Muhammad bin Tughlaq ne, mutum ga ilimi ga basira amma ya tashi mutanen gari kaf ya ce sai an koma Daulatabad, wani gari mai nisa can kudu da Delhi, ya kuma buga kuɗin tagulla mutane suka dinga buga na jabu a gidajensu har komai ya dagule. Akwai kuma Hayavadana, inda mace ta musanya kan mijinta da na abokinshi, sai rigima ta tashi wanene mijin, mai kai ko mai jiki? A 1998 aka bashi kyautar Jnanpith, babbar kyautar adabi ta ƙasar.