Farin Ɓawon da Ke Cin Hita

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa hitar gidan da muka je jiya ta sake ƙonewa alhali ba a daɗe da sa mata sabon ƙarfen da ke dumama ruwa ba, ka kuma ce ka lura famfon ruwan zafi ya yi rauni yayin da na ruwan sanyi yake zuba yadda ya saba. Na ji daɗin wannan lura taka, domin amsar tana cikinta. Ƙarfen da muka sa ba jabu ba ne, kuma ba mu yi kuskure wajen ɗaurawa ba. Ruwan garin ne mai nauyi, irin wanda masu wanki ke cewa yana cin sabulu.

Ruwan sama yakan sauko da ɗan tsami kaɗan da ya ɗauko daga iska. Idan ya nutse cikin ƙasa ya ratsa duwatsun farar ƙasa ko na alli, sai ya narkar da sinadaran kalsiyam da maganisiyam ya tafi da su, shi ya sa garin da ke sha daga rijiyoyin burtsatse ya fi fama da wannan matsala fiye da wanda ke sha daga ruwan sama da aka tara. Ka riƙe wannan da kyau: sinadaran nan narkakku ne kamar gishiri a miya, ba laka ba ne. Ruwan zai zo garai-garai a kofi, kuma matatar da ake sa wa bututu don tare yashi ba za ta rage masa nauyi ko kaɗan ba. Na sha ganin masu gida sun kashe kuɗi a kan irin wannan matata, sannan su dawo suna zargin mai gyara.

Zafi ne ke fito da abin da ruwa ya ɓoye. Da zarar an dumama shi, sai wani kaso na kalsiyam ɗin ya rabu da ruwan ya daskare a kan wurin da ya fi zafi, wato jikin ƙarfen hita. Ka tuna yadda muka zaro na jiya: ya yi fari fat, ya kumbura, da na ƙwanƙwasa shi da sifana sai ɓawon ya riƙa ɓarewa yana zuba kamar ɓawon ƙwai. Wannan ɓawo yana hana zafi fita zuwa cikin ruwa, don haka ƙarfen yake ta zafafa a cikin rigarsa har ya fashe. Ɓawon ne kuma yake tsuke bututun ruwan zafi da bawul, na sanyi kuwa ya daɗe bai nuna komai ba.

Sauran alamomin ba sa ɓuya. Ramukan kan shawa sukan toshe, ruwa ya riƙa fita a karkace. Bakin famfo ya yi farin tabo. Gindin buta ya yi ɓawo. Tufafi su yi kaushi bayan wanki. Sabulu kuwa maimakon kumfa sai ya haɗu da kalsiyam ya zama wani dusa-dusa mai maƙalewa a jikin baho. Idan kana shakka, zuba ruwan gidan rabin kwalba, ɗiga masa sabulu na ainihi, ka girgiza. In ya yi fari kamar tsinkakkiyar madara ba tare da kumfar kirki ba, to ka gane. Masu awo suna lissafin nauyin ruwa da miligiram na sinadaran nan a kowace lita: ƙasa da 60 ruwa mara nauyi ne, daga 121 zuwa 180 mai nauyi ne, abin da ya haura 180 kuwa ya yi nauyi ƙwarai.

Game da magani, tsami ne ke narkar da ɓawon. Ka jiƙa kan shawa a cikin ruwan khal ko ruwan lemon tsami ya kwana, za ka ga yana ƙananan kumfa, da safe ka goge da buroshi. Kada dai ka bari tsamin ya taɓa daɓen marmara, domin zai ci shi kamar yadda yake cin ɓawon. Hita kuma, ka kashe wuta tukuna, ka zubar da ruwanta, ka kwashe abin da ya kwanta a gindi, sannan ka saita zafinta wajen digiri 60. In ka haura haka ɓawon zai ƙara saurin taruwa, in ka yi ƙasa sosai kuma ƙwayoyin cuta za su sami wurin hayayyafa.

Maganin da ke tare matsalar tun daga tushe shi ne na'urar da ke musanya kalsiyam da sodiyam ta hanyar wasu ƙananan ƙwayoyi, waɗanda ake farfaɗo da su da ruwan gishiri. Tana aiki, amma ban cika ba da shawararta ga wanda na san ba zai kula da zuba gishirin ba. Idan ka ɗaura ta, ka bar famfon kicin ɗaya a kan ruwan asali domin sha da girki, saboda nauyin ruwa ba ya cutar da mai lafiya, ƙarin sodiyam kuwa bai dace da mai hawan jini ba.

Gobe idan mun koma gidan, kai za ka yi wa mai gidan bayani. Ka ɗauki tsohon ƙarfen da ɓawonsa ka nuna masa a hannu kafin mu ɗaura sabo, ka kuma gaya masa watan da ya kamata ya kira mu mu wanke hitar.