Allurar da Maigidan Bai Yi Ba

Ka tambaye ni me ya sa nake nacewa sai an kawo miji, tunda matar nan mai ciki da gwajinta ya nuna tunjere, ciwon da ake ɗauka ta hanyar jima'i, ta ce ta san ciwon sanyi kuma mun yi mata allura. Zauna, ɗana, ka ajiye wayar nan tukuna.

Sanin me ta yi? Duk mai zuwa awo ta ji sunan ƙanjamau, rediyo ya gama wannan aikin. Sauran kuwa, ƙaiƙayi sanyi, fitar ruwa sanyi, ciwon mara ma sanyi. Ka ce mata tunjere, sai ta zuba maka ido. Gyambonsa ba ya zafi, makonni kaɗan ya bushe da kansa, ta ɗauka an rabu, alhali ya shige jini, daga nan ya bi mabiyiya ya tarar da ɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 kaɗai ya kashe jarirai sama da 200,000, wasu tun a ciki, wasu bayan haihuwa. Ciwon da allurar penisilin ke gamawa da shi!

Akwai wata baiwar Allah da har gobe ba na son tuna ta. Cikinta na huɗu, ukun baya duk sun zo babu rai, har ana ce mata mai wabi. Na ɗebi jininta a wata na uku. Lokacin babu wannan ɗan tsinken gwaji na minti 20 da kuke samu a ɓagas, sai an aika da jini a zauna jira. Ya nuna tunjere. Allura uku na yi mata, mako-mako, ba ta tsallake ko ɗaya ba, ga ta da laulayi. Na ce a turo min maigida.

Ya zo fes da shi, dattijo, ya ce ai ya riga ya yi tasa a wani asibiti, har da rantsuwa. Na ji nauyin furfurarsa, ban nemi kati ba. Ita ma ban sake gwada ta ba da ciki ya tsufa. Wannan laifina ne, ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Ta haihu da asuba. Namiji, babu rai, fatarsa na saɓulewa a hannuna, mabiyiyar ƙatuwa, ta yi fari. Ashe ƙwayoyi ya saya a kemis, ya sha na kwana biyu ya watsar, ya sake shafa mata. Kuma mutumin nan ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaga murya wai allurata ce ta kashe masa ɗa! Ita ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, akwai abin da ka ce ban yi ba?"

Ku yaran yanzu da kun cike rajista kun gama aiki. Yadda ake soka allura, da maganin idon jariri saboda ciwon sanyi kada ya makantar da shi, ba sai na tsaya koya maka ba. Waccan ta jiya da gwajinta ya nuna, mijin zai zo ranar Litinin. Kada ka karɓi rantsuwarsa, a gabanka za a yi masa. Ka rubuta a katinta da jan biro, in ciki ya shiga wata bakwai a sake ɗibar jini.