Amsa ga 'Yata Kan Fita da Yaro Asibiti Cikin Dare

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. 'Yata, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da Hajiyarku, da kuma angona ɗan wata 9, wanda na ji an sallamo shi daga asibiti. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya sa kaffara ne.

Saƙonki ya iso, na kuma karanta shi har sau biyu. Kin ce a daren Talata jikin yaron ya yi zafi, gudawa da amai suka taso masa tare, har ya ƙi kama nono. Maigidanki yana kan hanya wayarsa ba ta shiga, Hajiya kuma ta ce haƙori ne, a bari gari ya waye, ta ƙara da cewa ba a san uwar ɗan fari da rawar jiki ba. Kin haƙura har asuba, da aka je asibiti sai da aka yi masa ƙarin ruwa na kwana biyu. Yanzu kina tambayata ko da kin goya shi kin fita a wannan dare kin keta al'ada, kin kuma fita ba da izinin miji ba.

Amsata ita ce da kin fita ba ki keta komai ba, kuma idan irin wannan dare ya sake zuwa, Allah Ya kiyaye, ki fita. Amma ba na so ki riƙe maganata a matsayin takobin yaƙi da surukarki, saboda haka bari in warware miki inda al'adar ta samo asali, don ki san abin da za ki riƙe da abin da za ki ajiye.

Kunyar ɗan fari gaskiya ce, mu ma mun yi ta. Ni ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba har yau da yake da furfura a gemu, kuma a gaban surukaina ko kallonsa ba na yi. Sai dai abin da ake mantawa shi ne, wannan kunya ba ita kaɗai take tafiya ba. A zamaninmu mace tana zuwa goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu a can, ta yi wankan jego a can, idan ta koma ɗakinta kuma ta koma cikin babban gida ne mai kaka da kishiyoyi da matan 'yan'uwa. Uwa tana kau da kai ne domin ta san akwai idanu goma a kan yaron, kuma da zarar ya canja kuka, wata tsohuwa ta riga ta ɗauke shi. Ke kuwa daga ke sai shi a ɗaki, ke ce kika ji zafin jikinsa a ƙirjinki, ke ce kika san sau nawa ya jiƙa zane tun safe. Kunyar ta ki ƙi yi masa wasa a gaban manya ce, ki ƙi yabonsa, ki bar kakarsa ta yi iko da shi. Ba ta kai ga ki ga yana galabaita ki yi shiru ba. Ai masu al'adar ne da kansu suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Batun izini kuwa, ki tambayi duk malamin da kika amince da shi, zai gaya miki cewa tsare rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo domin su, kuma lalura tana da hukuncinta. Amma ni ban ga dalilin da za a bar maganar ta kai tsakar dare ba. Ki sami maigidanki da rana, yana cikin natsuwa, ki roƙe shi ya ba ki izini tun yanzu, cewa duk lokacin da kika ga alamar haɗari a jikin yaro ki tafi, ki sanar da shi daga baya. Ki kuma roƙe shi ya faɗa wa Hajiya da bakinsa, a gabanki, domin idan maganar ta fito daga ɗanta umarni ce, idan ta fito daga gare ki kuwa za a iya kiranta fitsara. A ajiye kuɗin mota da na kati a wuri guda da ba a taɓa su don cefane, a kuma riƙe lambar mai adaidaita ko maƙwabci mai mota wanda aka riga aka yi magana da shi.

Zan gaya miki abin da ban cika faɗa ba. 'Yata ta uku, wadda da tana raye da ta girmi yayarki, tana da wata 10 gudawa ta kama ta. Kowa a gidan ya ce haƙori ne, ni ma na yarda, domin ga dasashin nan ya kumbura. A rana ta biyu maɗigarta ta loɓa, aka kwaɓa magani aka shafa mata a ka, aka ce maɗiga ce ta faɗa. Da daddare ta daina kuka, ni kuma na yi hamdala, na ɗauka sauƙi ne ya samu. Na tuna na taɓa leɓenta na ji shi a bushe kamar ɓawon gyaɗa, idanunta sun zurma, tana barci ba su rufe duka ba. Muka ce da safe a kai ta. Da safen a hanya ta cika, a bayana, ban ma sani ba sai da aka kwance goyon. Kwananta ne ya ƙare, wannan na yarda da shi, amma shekaru bayan haka da wata ma'aikaciyar jinya ta bayyana mini cewa loɓawar maɗiga alama ce ta ƙarewar ruwa a jiki, kuma shirun nan rashin ƙarfin kuka ne, sai da na kwana ban runtsa ba. Babu wanda ya yi mugunta a gidan nan. Duk masu ƙaunarta ne, sun dai kira ciwon da sunan da ba nasa ba.

Saboda haka ki daina auna ciwon yaro da sunan da aka ba shi, ki auna shi da abin da idonki ya gani. Haƙori yana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ƙananan rigingimu, amma ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, ba ya kawo gudawar da za ta zuƙe yaro. Abin da ya sa suke haɗuwa shi ne, watannin fitar haƙori su ne watannin rarrafe, da kai komai baki, da fara shan kunu, kuma a lokacin ne kariyar da yaro ya samo daga jikin uwarsa take raguwa. Ki kuma yi hattara da kwalaben da ake sayarwa da sunan maganin haƙori. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 wani irinsu da ya gurɓata ya lalata ƙodar yara, fiye da 80 suka rasu a Nijeriya.

Akwai alamomi huɗu da ma'aikatan lafiya suke fara dubawa ga duk yaron da bai kai shekara 5 ba, kuma ko ɗaya ta bayyana ba a jiran safiya: ya kasa shan nono ko ruwa, ko ya riƙa amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi har ya zama da ƙyar ake tashinsa. A daren Talata angona ya nuna biyu daga ciki. Game da gudawa, ki ɗan ja fatar cikinsa da yatsu biyu ki saki. Idan ta daɗe a tsaye kafin ta koma, ko idanu sun zurma, ko ya yini bai yi fitsari ba, ko kika ga jini a bayan gidansa, to aikin ya wuce na gida. Kafin a kai ga haka, da ma a kan hanya, ki ci gaba da ba shi nono da ruwan gishiri da sukari, cokali bayan cokali. Na leda da ake samu a kemis ya fi, a karanta yawan ruwan da aka rubuta a jiki; idan babu, lita guda ta tafasasshen ruwan da ya huce, da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. Akwai kuma ƙwayar zink da ake ba yaro kwana 10 zuwa 14.

Numfashi ne abin da mutanenmu suka fi rainawa, domin da an ji tari sai a ce mura ce ko sanyi ya shige shi, a shafa man zafi a lulluɓe. Ki ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance ba ya kuka, ki dubi agogon wayarki, ki ƙirga tashin cikinsa na minti guda cif. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara, 50. Daga shekara zuwa 5, 40. Wannan yana buƙatar ganin ma'aikacin lafiya a ranar. Idan kuwa kika ga ƙasan haƙarƙarinsa yana shigewa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko yana gurnani, ko leɓensa ya canja launi, to a wannan sa'ar za a tafi.

Jijjiga ita ce inda al'ada ta fi yin ɓarna, kuma a nan ba zan sassauta ba. Na ga an cusa cokali a bakin yaro har haƙoransa suka karye, na ga an ɗura masa ruwan rubutu yana sume, na ga an kara ƙafarsa a wuta wai don ya farfaɗo, an turnuƙe ɗaki da hayaƙi domin an ce iska ce. Yaro ba ya haɗiye harshensa. Abin da ake ɗura masa ne yake bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi. Ki kwantar da shi a gefensa, ki sassauta tufafinsa, kada ki sa masa komai a baki, ki lura da tsawon lokacin, sannan a ɗauke shi a tafi, ko da ta tsaya, balle ta wuce minti 5 ko ta sake dawowa. A damina da kaka, mafi yawan abin da muke tsoro shi ne zazzaɓin cizon sauro da ya yi tsanani, kuma shi yana shan jini da sauri, don haka ki riƙa duba tafin hannunsa da cikin fatar idonsa, idan sun yi fari fat a gaggauta. Addu'a kuwa ba a hana ki ba, ki yi ta tofa masa a cikin mota. Hadisi ne ingantacce cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta.

Tun da Allah zai ba ki wasu, ki riƙe wannan game da jego. An ce ba a fita da jariri kafin suna, mai jego kuma ba ta fita kafin arba'in, kuma al'ada ce mai kyau da take hutar da uwa, take kare jariri daga hannun jama'a. Sai dai jaririn da bai kai wata 2 ba ba shi da ƙaramin zazzaɓi. Jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya saki nono, ko cibiyarsa ta yi ja tana ruwa, ko shawara ta bayyana a ranar da aka haife shi ko ta sauka har tafin hannu da ƙafa, duk waɗannan na asibiti ne, ko da gobe ne suna an riga an ɗaure rago. Shanya shi a hantsi da jiƙe-jiƙe ba sa maganin shawarar da ta yi ƙarfi, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Haka jinin da ya ƙi tsayawa bayan aikin wanzami, kuma ni cire belu ma da za a bi tawa da an bar shi.

Sauran a taƙaice. Zazzaɓi da sandarewar wuya, ko maɗiga ta kumburo, musamman a bazara, sanƙarau ake zargi, kuma duk wanda ya ga annobar 1996 a Arewa ba ya wasa da shi. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da farin abu a can ciki, a tuna da mashaƙon da ya addabi Kano daga ƙarshen 2022. Ƙyanda ba a ɓoye ta a ɗaki, kuma maganar cewa ba ta son allura ba ta da tushe. Yaron da ya sha kananzir ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja, a tafi da shi da kwalbar.

Ba kowane zafin jiki ne na gudu ba, kada in mayar da ke mai firgita. Yaron da yake da ɗan zazzaɓi amma yana shan nono, yana kallonki, yana jan ɗankwalinki, zai iya kaiwa safiya, a ba shi farasitamol daidai awonsa, da safe a je a gwada jininsa kafin a sayi maganin zazzaɓi. A nan Hajiya tana da gaskiya, kuma ki bar mata gaskiyarta. Idan kuma dare ya yi kika ga ɗaya daga waɗancan alamomi, kada ki tsaya gardama da ita a kan haƙori ne ko ba haƙori ba. Ki goya yaron, ki ɗauki katinsa na rigakafi da duk maganin da aka riga aka ba shi, na kemis da na gida, ki durƙusa ki ce, "Hajiya, jikin ya fi ƙarfina, ki taimaka ki raka ni." Tsohuwa da wuya ta ƙi rakiya, kuma idan ta ji bayanin likita da kunnenta, gobe ita za ta fara cewa a tafi.

Ki gaishe mini da ita da kyau, ki ce ina nan tafe dubiya bayan Juma'a in Allah Ya yarda. Idan na zo zan taya ki buɗe maganar izinin a gaban maigidanki, domin ta fi sauƙi a bakina. Kafin nan ki tabbata angona ya shanye maganin da aka sallamo ku da shi, ko da kin ga ya koma rarrafensa.

Wassalam, gwaggonki.