Tambaya da Amsa: Yaya Ake Gane Shekarar Kwandalar Japan?

TAMBAYA: Ɗan'uwana ya dawo daga karatu a Japan ya ba ni kwandalar yen 10 mai launin jan ƙarfe. Na juya ta ban ga shekara ba, sai rubutunsu kawai, kuma gefenta yana da tsaga-tsaga. Yaya zan san shekarunta? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Shekarar tana nan, sai dai Japanawa da zamanin sarautar sarkinsu suke ƙirga ta. A layin da aka rubuta shekarar, haruffa biyu na farko sunan zamanin ne: 昭和 shi ne Showa, wanda ya fara a 1926, 平成 shi ne Heisei daga 1989, 令和 kuma Reiwa daga 2019. Sai lambar shekara ta biyo baya, sannan harafin 年 ya rufe. Idan Showa ne, ka ƙara 1925 a kan lambar. Heisei a ƙara 1988, Reiwa kuma 2018.

Lambobin ba su da wuya matuƙar ka riƙe 十, wato goma. Abin da ya gabace shi ana ninka shi da goma, abin da ya biyo shi kuma ana ƙarawa, saboda haka 三十二 yana nufin 32, kuma Showa 32 ita ce 1957. Shekarar farko ta kowane zamani da 元 ake rubuta ta. A tsofaffin kwandaloli, irin na zamanin Meiji da Taisho, daga dama zuwa hagu ake karantawa, kuma a nan ne sababbin masu tarawa suka fi tuntuɓe.

Tsaga-tsagar da ka ambata ita ce ta fi jan hankalina. Yen 10 mai irin wannan gefe, wadda Japanawa ke kira giza-ju, daga 1951 zuwa 1958 kaɗai aka buga ta, ban da 1956. Daga 1959 gefen sumul yake. Hoton haikalin Byodo-in na garin Uji da ke jikin kwandalar bai canja ba, don haka gefen ne ke bambanta su a hannu. Ta Showa 33, wato 1958, ita ce mafi ƙaranci, kuma masu tarawa sun fi nemanta, kodayake wadda ta sha hannu ba ta da tsada sosai.

Ina roƙonka kada ka goge ta da toka ko lemon tsami domin ta yi ƙyalli, gogewa na rage mata daraja. Ka nannaɗe ta a takarda, ka ajiye inda babu laima.