Zanzibar, kwale-kwale da aljihun ango: amsoshin wannan mako

Wasiƙun da suka taru a wannan makon kusan duk na tafiyar amarci ne, kuma Zanzibar ce a bakin kowa. Na zaɓi biyar. Masu tambayar Dubai su yi haƙuri sai wani jiƙon.

Tambaya: Anti, barka da aiki. An sa mini rana, ina so in kai amarya Zanzibar mu yi kwana biyar. Na ga wani a Instagram yana tallar tafiya, jirgi da otal da yawon teku duk a haɗe. Ya ce biza a filin jirgin can za a buga mana. Yana so in tura rabin kuɗi kafin Juma'a. In tura? — Ango daga Kano

Amsa: Kada ka tura ko sisi. Maganar bizar nan kaɗai ta isa ta nuna maka ko dai bai san aikin ba, ko kuma ya sani yana so ya ci kuɗinka. Zanzibar yanki ne na Tanzaniya tun haɗewar 1964, da bizar Tanzaniya ake shiga. Fasfon Najeriya kuwa, da na Nijar da na Chadi, suna cikin jerin waɗanda ba a buga wa biza a bakin shiga. Ta intanet ake cike takarda a tura, hukumar shige da ficen ƙasar ta duba ta amince, abin kuma yakan ci makonni. Su da kansu suna ba da shawarar a nema da wuri, kamar wata 2 kafin tafiya, kuma kada a yanki tikiti sai amincewa ta fito. Bayan biza akwai katin allurar rigakafin cutar shawara, wanda ake tambayar duk wanda ya fito daga ƙasashenmu. Ku je ku yi allurar da gaske ku karɓi katin a ofishin lafiya na filin jirgi, ku bar na 'yan tsaye a bakin ƙofa. Sannan tun 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya tata ta kanta, dala 44 kowane mutum, ko da kana da wata inshorar daga gida. Ka tambayi mai tallar ko ya sa wannan a lissafinsa. In ya fara kame-kame, ka sami amsarka. Wakilin tafiya na ƙwarai yana da ofis da za ka shiga ka zauna, yana ba da rasiɗi, kuma zai ba ka sunan otal ɗin domin ka tuntuɓe su da kanka ka ji ko an kama ɗaki da sunanka. Matsin lambar "kafin Juma'a" tsohuwar dabara ce, don kada ka sami lokacin tambaya.

Tambaya: Anti, mun ga otal ya fi sauƙi a watan Afrilu. Mu kama? Kuma wane ɓangare na tsibirin ya fi dacewa da mu, tunda ni da maiɗakina ba ma son hayaniya? — Magidanci daga Maraɗi

Amsa: Malam, sauƙin nan da dalilinsa. Daga Maris zuwa Mayu ne babbar daminarsu, ruwa kamar da bakin ƙwarya, wasu otal ɗin ma rufewa suke yi. In zaman ɗaki da karatu kuka je yi, to ku kama. In teku kuke so, ku duba Yuni zuwa Oktoba, ko Janairu da Fabrairu, sai dai na biyun nan akwai zafi. Game da wuri: Nungwi da Kendwa, a arewa, su ne ruwansu ba ya janyewa sosai, amma can ne cunkoson 'yan yawon buɗe ido da kaɗe-kaɗen dare. Jambiani da Matemwe, a gabas, sun fi shiru, sai dai ruwa yakan ja da baya nesa sau biyu a rana, ka fito ka tarar da fili da mata masu noman ciyawar teku maimakon ruwan da ka gani a hoto. Yawancin mutanen tsibirin Musulmi ne, masallaci da abincin halal ba abin nema ba ne, hijabin Hajiya kuma ba wanda zai kalla sau biyu. Manyan otal na bakin teku dai suna sayar da giya, ku san da wannan kafin ku biya.

Tambaya: Anti, wane tsibiri ne hotonsa ya fi fita a WhatsApp? Kuma zan samu tuwo a can? — Amarya daga Abuja

Amsa: Ke da za ki ƙetare Afirka, ki sauka a Adis Ababa ko Nairobi ki sake jirgi, tuwo ne damuwarki? Akwai tuwon masara, akwai shinkafa dafa-duka mai kayan ƙamshi, akwai kifi. Ki ƙulla yajinki ki tafi, amma ba a baƙar leda ba, don Tanzaniya ta hana ledar zuba kaya tun Yunin 2019. Maganar hoto kuwa, ko ina kika tsaya ruwan shuɗi ne.

Tambaya: Anti, don Allah ki ɓoye sunana. Mijina ya biya kuɗin wani yawo a kwale-kwale zuwa tsibirin kunkuru da wani tudun yashi a tsakiyar teku. Ni ban taɓa shiga ko kwale-kwalen rafi ba, ban iya iyo ba, shi ma bai iya ba. Tun da ya faɗa mini ba na barci sosai. Ina jin nauyin in gaya masa, kada ya ga kamar na raina ƙoƙarinsa. Ya ce wani yaro da zai same mu a bakin teku ya yi masa rabin kuɗin da otal suka ce. — Ƙanwarki daga Zariya

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Tsoron nan naki ba ƙauyanci ba ne, hankali ne, kuma ba raini a ciki. Ki samu lokacin da yake cikin nishaɗi ki ce masa, "Ina son tafiyar nan, amma ina tsoron ruwa, mu shirya ta yadda zan ji daɗinta." Ba namijin kirkin da zai ji haushin wannan.

Tafiyar kanta ba doguwa ba ce. Tsibirin da kike nufi shi ne Changuu, kilomita 5 da ɗoriya daga tsohon garin Zanzibar, kamar rabin awa a kwale-kwale mai inji. A 1893 aka gina gidan yari a kansa, amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mai da shi wurin killace masu cutar shawara. Manyan kunkurun da ake zuwa gani zuriyar waɗanda gwamnan Seychelles na Ingila ya aiko ne a 1919. Tudun yashin kuma Nakupenda ne: yana fitowa idan ruwa ya janye, ya nutse ɗungurungum idan ruwa ya dawo. Babu bishiya, babu banɗaki, inuwa sai ta rumfar da masu kwale-kwale suka kafa. Mutane suna zuwa kullum suna dawowa lafiya.

Abin da ya tsaya mini a wasiƙarki shi ne rabin kuɗin nan, kuma a nan zan yi magana da ango da duk ire-irensa. Mutum zai zuba akwatuna a lefe, ya kama babban ɗakin taro, ya je Wapa ya canji dala a kan farashin da ya sa shi gumi, ya biya jirgin sama na mutum biyu ba tare da ya nemi ragi ba. Sai an zo kan abu ɗaya tak da ransa da na matarsa za su rataya a kai, nan ne zai tuna shi ɗan kasuwa ne. Araha ba ta ado. Yaron bakin teku ba shi ne mai kwale-kwalen ba, dillali ne, kuma sai ya cire lada a cikin rabin kuɗin. Abin da ya rage ba ya isar mai jirgi sai in ya ƙara fasinja, ya rage mai, ya bar gyaran inji zuwa wani watan. Rangwamen da aka yi maka, daga nan aka ciro shi.

Mu ne ya kamata mu fi kowa sanin sharrin lodi. A ƙarshen 2021 kwale-kwale ya kife a Bagwai da ɗaliban Islamiyya. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga biki. Zanzibar ma ta ɗanɗana nata. Ranar 10 ga Satumban 2011 jirgin ruwa mai suna Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, manyan tsibiran Zanzibar biyu. Izininsa bai kai na mutum 700 ba, aka loda masa fiye da 2,000, kuma rahoton gwamnati ya ƙidaya fiye da 1,000 a matsayin waɗanda suka mutu ko suka ɓace. A Yulin 2012 wani mai suna Skagit shi ma ya kife a hanyarsa ta zuwa Zanzibar daga Darussalam. Waɗannan manyan jirage ne, ba irin wanda za ku shiga ba, amma abin da ke cin babba shi ke cin ƙarami: lodi, iska, da kunyar faɗin "ban yarda ba." Kuma kada wani ya ce mini tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

To ga abin da za ku yi. Ku bi ta otal ko kamfanin yawo mai ofis da lasisi, ko da ya fi tsada, kuma ku tambaya ko kuɗin shiga Changuu yana ciki, don daban ake biyansa. Kafin ki sa ƙafa a jirgi ki ce a ba ki rigar kariya daga nutsewa, a hannunki, ba "tana ƙarƙashin benci" ba. Ki duba ta. Akwai wadda rana da gishiri suka cinye, soson cikinta ya lotse, igiyarta ta tsinke an ƙulle da zare, maɓallinta ba ya kamawa. Ki mayar a sauya. In kin sa kin ɗaure, ango ya kama kafaɗun rigar ya ja sama: in ta haura kunnenki, ta yi miki yawa, a ruwa zamewa za ta yi ta bar ki. Ki bar ta a jikinki har ku sauka, ko da Turawan da ke gefenki sun cire tasu. Su tun suna yara aka koya musu iyo. Ki ƙirga kawuna kuma. In kin ga ana ta cusa mutane gefen jirgin yana kusantar ruwa, ku sauka, kuɗin ya bi ruwa ya fi.

Sutura ma abin dubawa ce, kuma ba wanda zai gaya miki wannan a can. Yawanci ba gada ake takawa a shiga ba, cikin ruwa ake kutsawa har gwiwa a hau ɗan tsani. Doguwar abaya ko hijabi har ƙasa in ya jiƙe nauyi yake yi, ya nannaɗe ƙafa. Ki sa wando mai kauri da riga zuwa gwiwa, da ƙaramin hijabi da za ki cusa cikin rigar kariyar. Takalmin roba mai kama ƙafa, saboda duwatsu da halittun ruwa masu ƙaya. Gwal ɗinki ya zauna a akwatin ajiyar otal. Jakar hana waya jiƙewa da ake tallarta a bakin teku kuwa, jabunta ya fi na gaske yawa: ki sa tishu a ciki ki rufe ki dulmiya a bokiti tun a ɗaki, in ya fito a bushe sannan ki ba ta wayarki.

Ku fita da safe, don iska takan tashi da yamma, musamman daga Yuni zuwa Agusta lokacin iskar kudu. Ki ci abu kaɗan mara maiƙo, ki riƙe 'yar citta a baki, ki zauna a tsakiyar jirgi ki riƙa kallon nesa, ba wayarki ba. In kina da juna biyu, ki tambayi likita kafin ki sha maganin jiri. A Nakupenda kuma in mai jirgi ya ce a tashi, a tashi, ya fi ku sanin lokacin dawowar ruwa, wanda ya fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa. In kuma ranar ta zo kika ga teku ya yi fushi zuciyarki ba ta kwanta ba, ku fasa. Ku je dajin Jozani ku ga jajayen birai, ko tsohon masallacin Kizimkazi mai rubutu a bangonsa tun shekarar 1107 Miladiyya. Ba asara kuka yi ba.

Tambaya: Anti, tsarabar me zan yo? Ana ce mini in sayo zoben tanzanait da za'afaran, wai sun fi araha a can. — Hajiya daga Kumasi

Amsa: Hajiya, duka biyun tarko ne ga baƙo. Tanzanait a wuri ɗaya ake haƙo shi a duniya, tsaunukan Mererani kusa da Arusha, can cikin babban yankin ƙasar, ba a tsibiri ba. Wanda wani zai zaro daga aljihu a lungu ya ce ya yi miki sauƙi, ki ɗauke shi kwalba ce mai launi. In dole sai kin saya, ki shiga shago mai lasisi ki karɓi takardar shaidar dutsen da rasiɗi. Za'afaran kuma yawancinsa daga Iran yake fitowa. Jan abin da ake ƙullawa da yawa a sayar da arha a kasuwa galibi furen wata shuka ce daban, ba ƙamshi. Ki sayi abin da ƙasar ta shahara da shi: kanumfari, wanda mafi yawansa daga Pemba yake, da kirfa da citta. Kasuwar Darajani ta fi shagunan 'yan yawo sauƙi, kuma da shilin ɗinsu za ki yi ciniki, ba dala ba. Kanumfari mai kyau in kin danna shi da farce za ki ga maiƙo ya fito. In kin jefa a ruwa ya nutse ko ya tsaya a tsaye, mai kyau ne. In ya kwanta yana yawo a sama, an riga an tatse mansa, ki ajiye musu kayansu.